Darasi na 9: Matsakaici, Lissafin Raba-Daidai

MANUFOFIN DARASI

Idan an kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da matsakaici da bakinsa;
2. fitar da matsakaicin cinikinsa ko na kuɗin cefanensa na mako;
3. komawa baya, daga matsakaici ya gano jimilla;
4. sanin ainihin kuɗin da kaya suka tsaya masa idan ya saro su a farashi biyu;
5. gane lokacin da matsakaici ke ɓoye gaskiya, da abin da zai yi a lokacin.

Kayan aiki: littafin rubutu, biro, da kalkuletar da ke cikin waya. Duk lissafin da ke nan tarawa ne da rabawa, sai ɗan ninkawa, kuma mun riga mun yi su a darussan baya.

1. "NAWA KAKE SAMU A RANA?"

Akwai lokacin da wannan tsallake na Kogin Kaduna unguwar 'yan albashi ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Bayanta masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo, sannan kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a 1975. Magidanci a Makera ko Nasarawa ya san abin da zai karɓa ƙarshen wata, a kansa yake yanka kuɗin haya da na makaranta. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun ma suka yi ta durƙushewa. Yau yawancin masu zama a wannan aji, abin da rana ta kawo shi suke ci: mai keke, mai ƙosai, tela, mai POS, mai awon hatsi, birkila.

Ku tambayi ɗaya daga cikinsu nawa yake samu a rana. Zai ce, "Ya danganta da kasuwa." Gaskiya ya faɗa. Sai dai mai gidan haya ba ya karɓar "ya danganta", uwar adashi ma haka. Mutum yana bukatar lamba guda ɗaya da za ta tsaya a madadin ranakun samu da ranakun rashi baki ɗaya, wadda zai tsara rayuwarsa a kanta. Wannan lamba ita ce matsakaici.

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san aikin. Ana yanka sa, a tara naman wuri ɗaya, na cinya da na haƙarƙari da kayan ciki, sannan a kasa shi kashi-kashi daidai da yawan waɗanda suka zuba kuɗi, ba wanda ya fi wani. Haka ake yi wa lambobi: a tara su wuri ɗaya, a kasa su daidai. Abin da ya faɗa a kashi ɗaya shi ne matsakaici.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ JIMILLA: abin da aka samu bayan an tara dukkan lambobin.
│ YAWA: lambobi nawa ne aka tara (kwana nawa, mutum nawa, mudu nawa).
│ MATSAKAICI: abin da kowane ɗaya zai samu idan aka raba jimilla daidai.
│ ƘA'IDA: Matsakaici = Jimilla ÷ Yawa
└

Kuɗaɗen da ke cikin misalan sana'a na wannan darasi na gwaji ne. Farashi yana canzawa, hanyar lissafin ba ta canzawa. Kowa ya maye gurbinsu da nasa.

Misali na 1. Wata mai ƙosai tana suya a bakin hanya kusa da Kasuwar Monday ta Kakuri. Ga cinikinta na kwana shida:

Litinin N12,000
Talata N7,500
Laraba N8,000
Alhamis N7,000
Juma'a N9,500
Asabar N10,000

Mataki na farko, tarawa: 12,000 + 7,500 + 8,000 + 7,000 + 9,500 + 10,000 = 54,000.
Mataki na biyu, ƙirga kwanakin: 6.
Mataki na uku, rabawa: 54,000 ÷ 6 = 9,000.

Matsakaicin cinikinta N9,000 ne a rana.

Ku sake duban jerin. Babu ranar da ta yi cinikin N9,000 cif. Wannan ba kuskure ba ne. Ranakun Litinin, Juma'a da Asabar sun haura 9,000 da 3,000 da 500 da 1,000, wato 4,500. Talata, Laraba da Alhamis sun gaza da 1,500 da 1,000 da 2,000, shi ma 4,500. Rarar ranakun kasuwa ta cike giɓin ranakun da ba ciniki, ba ragi ba ƙari. Ko da yaushe haka yake: abin da ya haura matsakaici da abin da ya gaza masa daidai suke. Wanda ya gane wannan ya gane darasin, saura bita ce.

Ga hanya mai sauƙi ta kama kuskure. Matsakaici ba ya fin babbar lamba, ba ya kuma kasa ƙaramar. A nan dole amsa ta faɗa tsakanin 7,000 da 12,000. Idan kalkuleta ta ba ku 45,000 ko 900, yatsa ne ya kauce, a sake.

Wani lokaci amsar ba ta fitowa cikakkiyar lamba. Shekarar miladiyya kwana 365 ce a wata 12, saboda haka 365 ÷ 12 ya ba da kwana 30.4 da 'yan kai. Shekarar hijira kuwa yawanci kwana 354 ce, 354 ÷ 12 = 29.5. Ba a taɓa yin wata mai kwana ashirin da tara da rabi ba. Wani wata ya yi 29, wani ya cika 30, matsakaici ya tsaya tsakani.

2. RANAR DA BA A SAMU KOMAI BA, ITA MA RANA CE

A nan mutane da yawa ke cutar kansu, don haka za mu ɗan daɗe.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, direban keke ba ya kiran abin da ya tara a aljihu samu, sai ya cire kuɗin mai da balas ɗin mai keke.

Misali na 2. Wani direban keke yana jigila tsakanin Sabon Tasha da unguwar Television. Ga abin da ya rage masa kowace rana bayan mai da balas:

Litinin 6,000, Talata 5,500, Laraba 0, Alhamis 7,000, Juma'a 6,500, Asabar 8,000, Lahadi 2,000.

Ranar Laraba keke ya wuni a gareji wajen makaniki. Ranar Lahadi rabin wuni ya yi.

Jimilla: 35,000. Yawan kwanaki: 7. Matsakaici: 35,000 ÷ 7 = 5,000.

Idan aka tambaye shi, zai so ya ce, "Ai Laraba ban fita ba, a cire ta." To, a cire ta mu gani: 35,000 ÷ 6 = 5,833. Bambancin kamar ba yawa, N833 kacal. Amma a kai shi wata guda. Kwana 30 a kan 5,000 ya ba da 150,000. Kwana 30 a kan 5,833 ya kusa 175,000. Mutumin ya ƙirga wa kansa N25,000 da ba za su taɓa shiga hannunsa ba. A kan wannan kuɗin iska zai ɗauki zubin adashi da ya fi ƙarfinsa, ko ya yi wa mai shago alkawarin biyan bashi ƙarshen wata, ranar ta zo ya rasa bakin magana.

Ranar Laraba an ɗora tukunya a gidansa, yara sun tafi makaranta da kuɗin tara. Tunda gida ya ci a ranar, dole ranar ta shiga lissafi. Sifili ba ya ƙara komai a jimilla, amma yana ƙara ɗaya a yawa.

Akwai inda ake barin ranar. Idan tambayar ita ce, "Nawa keke ke kawowa a ranar da ya fita aiki?", misali mai son sayen keken ne ke bincike, to a raba da 6. Idan kuwa tambayar ita ce, "Nawa nake da shi na ciyar da gida kullum?", a raba da 7. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku fara tsayar da tambayar da kuke son amsawa. Shawarata ga duk mai sana'ar hannu: lissafin gida a yi shi da dukkan kwanaki, har ranakun jinya, ranakun ta'aziyya, da ranakun da ruwan Agusta ya hana fita.

3. KOMAWA BAYA

Idan an san matsakaici da yawa, ana iya gano jimilla.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Jimilla = Matsakaici × Yawa
└

Misali na 3. Masu buga bulo a Gonin Gora sun karɓi kwangilar kwana biyar, a kan matsakaicin bulo 400 a rana. A kwana huɗun farko sun buga 380, 420, 350 da 410. Nawa za su buga a rana ta biyar?

Jimillar da ake bukata: 400 × 5 = 2,000. Abin da aka buga: 380 + 420 + 350 + 410 = 1,560. Saura: 2,000 − 1,560 = 440.

Iyaye za su iya yin wannan lissafi da katin sakamakon yaro, su san makin da yake bukata a jarrabawar da ta rage.

4. KAYA IRI ƊAYA, FARASHI BIYU

Misali na 4. Wata mai awo a kasuwar Sabon Tasha ta saro masara sau biyu. A Kasuwar Magani, kan hanyar Kachia, ta samu mudu 10 a kan N700 kowane mudu. Bai ishe ta ba, sai ta ƙara mudu 40 a cikin gari a kan N900. Ta juye duka a buhu ɗaya. A kan nawa mudu ya tsaya mata?

Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a ce 700 da 900, tsakiyarsu 800. Sai ta sa mudu N850, tana murna za ta ci ribar N50 a kowane mudu, N2,500 ke nan a mudu 50.

Bari mu bi ƙa'ida. Jimillar kuɗin da ta kashe:

10 × 700 = 7,000
40 × 900 = 36,000
7,000 + 36,000 = 43,000

Yawan mudu: 10 + 40 = 50.
Matsakaici: 43,000 ÷ 50 = 860.

Mudu ya tsaya mata a N860. Idan ta sayar a 850, faɗuwar N10 take yi a kowane mudu, N500 a buhun baki ɗaya, ba a ma sa kuɗin mota da na ɗan dako ba. Za ta wuni a rana tana awo, kaya su ƙare, kuɗi su kasa komawa saro, ta ce ko wani ne ya taɓa mata jaka. Ba wanda ya taɓa. Lissafin ne ya ci ta tun kafin ta buɗe buhu.

Me ya faru? Masarar 900 ta ninka ta 700 sau huɗu, don haka ita ce mai rinjaye, ta ja matsakaici zuwa wajenta. Lissafin 800 zai yi daidai ne kawai da a ce mudu 25 ta saya a kowane wuri.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ MATSAKAICI MAI NAUYI: matsakaicin da ake fitarwa idan wasu lambobi sun fi wasu yawan maimaituwa. A ninka kowane farashi da yawan kayansa, a tara, sannan a raba da yawan kayan duka.
└

Wannan doka ta shafi duk wani haɗa matsakaici biyu. Idan ajin safe mai ɗalibi 10 ya samu matsakaicin maki 70, ajin yamma mai ɗalibi 30 ya samu 50, matsakaicin makarantar ba 60 ba ne. Jimillar maki 700 + 1,500 = 2,200, a raba da ɗalibi 40, ya ba da 55.

A kula kuma da ma'auni. Ba a tara mudu da tiya, ko kilo da buhu, sai an mayar da su abu ɗaya tukuna.

5. LAMBAR DA TA FITA ZAKKA

Yanzu ga lambobi na gaske, daga ƙofar gidanmu. Matatar mai ta Kaduna, wadda ke kan hanyar Kachia, an buɗe ta a 1980. Tana cikin matatun gwamnati huɗu na ƙasar nan. Ga yawan gangar ɗanyen mai da kowacce ke da ƙarfin tacewa a rana:

Tsohuwar matatar Fatakwal: 60,000
Kaduna: 110,000
Warri: 125,000
Sabuwar matatar Fatakwal: 150,000

Jimilla 445,000. A raba da 4, matsakaici 111,250. Wannan lamba ta wakilci jerin da kyau, har ta kusa dacewa da ta Kaduna. (Ƙarfinsu ke nan a takarda. Abin da suka tace a zahiri cikin shekarun baya wata magana ce, mazauna Sabon Tasha da Maraban Rido ba sa bukatar a faɗa musu.)

To a ƙara matatar Dangote ta Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023 da ƙarfin ganga 650,000 a rana. Jimilla ta koma 1,095,000. A raba da 5, matsakaici 219,000.

Lissafin daidai yake. Amma wanda aka gaya wa cewa matsakaicin waɗannan matatu ganga 219,000 ne, zai ɗauka galibinsu nan kusa suke. Alhali huɗu daga cikin biyar ba su ko kusanci wannan adadi ba, ta biyar kuma ta ninka shi kusan sau uku. Lamba ɗaya ta fita zakka, ta kusa ninka matsakaicin.

A irin wannan hali akwai wata lamba da ta fi faɗar gaskiya. A jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki wadda ke zaune a tsakiya:

60,000, 110,000, 125,000, 150,000, 650,000

Ta tsakiya ita ce 125,000.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ LAMBAR DA TA FITA ZAKKA: lambar da ta yi wa sauran nisa sosai, ta sama ko ta ƙasa.
│ LAMBAR TSAKIYA: wadda ke tsakiyar jeri bayan an jera daga ƙarama zuwa babba. Idan biyu ne a tsakiya, a tara su a raba biyu.
└

Misali na 5. Wani gidan burodi yana da ma'aikata biyar. Albashinsu: 40,000, 45,000, 45,000, 50,000, sai manaja 220,000. Jimilla 400,000, matsakaici 80,000. Mai neman aiki da ya ji an ce "matsakaicin albashinmu dubu tamanin ne" zai yi farin ciki, tunda ya haura N70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2024. Ranar biya kuwa zai ga 45,000. Ba a yi masa ƙarya ba, amma ba a gaya masa gaskiyar da yake bukata ba. Lambar tsakiya, 45,000, ita ce ta nuna abin da ma'aikacin gidan ke ɗauka.

Ina so wannan ya zauna muku, domin kullum rediyo na kawo irin waɗannan alƙaluma: matsakaicin kuɗin shigar ɗan ƙasa, matsakaicin farashin abinci, matsakaicin amfanin gona. Duk sanda kuka ji, ku yi tambaya uku. Me aka tara? Da nawa aka raba? Akwai wanda ya fita zakka a ciki?

Ruwan sama ma haka ne. Kaduna na samun kimanin milimita 1,200 a shekara. A raba da wata 12, ya ba da 100 a wata. Manomin Kujama ya san Disamba da Janairu ko ɗigo ba a samu, a Agusta da Satumba kuwa ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kogi ya cika ya shiga gidajen da ke gaɓarsa. Wanda zai yi shuka ko ginin magudana, matsakaicin kowane wata shi kaɗai yake bukata. Masana yanayi a duniya kan tara bayanan shekara 30 kafin su ce ga ruwan da aka saba samu a wata kaza a gari kaza, domin shekara ɗaya ta fari ko ta ambaliya kada ta karkatar da lissafin. Mai sana'a ma ya ɗauki wannan: matsakaicin wata guda ya fi na kwana uku abin dogaro, cinikin makon Sallah ko na Kirsimeti kuwa ba a auna shekara da shi.

TAMBAYOYIN BITA

1. Da kalmominka, mene ne matsakaici? Rubuta ƙa'idar fitar da shi.

2. Wani mai shayi a Barnawa ya soya ƙwai 45, 50, 38, 47 da 60 a kwana biyar. Ƙwai nawa yake soyawa a rana a matsakaici? Kafin ka lissafa, faɗi lambobi biyu da amsar za ta faɗa tsakaninsu.

3. Ribar wata mai POS a Nasarawa a kwana biyar: 3,200; 0; 4,100; 3,700; 4,000. Rana ta biyu babu sabis. Fitar da matsakaici da ranar sifili a ciki, sannan ba tare da ita ba. Wanne ya kamata ta duba kafin ta ɗauki zubin adashi? Me ya sa?

4. Matsakaicin cinikin wani tela a Narayi N8,500 ne a kwana shida. Nawa ya tara a makon?

5. Yarinya na bukatar matsakaicin maki 60 a jarrabawa huɗu. Ta samu 55, 62 da 58. Nawa take bukata a ta huɗu?

6. An sayi shinkafa mudu 20 a kan N2,000, da mudu 5 a kan N2,500. A kan nawa mudu ɗaya ya tsaya? Me ya sa amsar ba N2,250 ba ce?

7. Mutum biyar sun ba da gudummawar biki: 2,000, 3,000, 40,000, 2,000, 3,000. Fitar da matsakaici da lambar tsakiya. Wace lamba ce ta fita zakka? Wanne daga cikin amsoshin biyu ya fi nuna abin da galibin mutanen suka bayar?

8. Koma kan matatun gwamnati huɗu, ba tare da ta Lekki ba. Fitar da lambar tsakiyarsu, ka gwada ta da matsakaicinsu.

9. Aikin gida: rubuta cinikinka ko kuɗin cefanen gidanku na kwana bakwai a jere, har da ranar da ba a samu ko ba a kashe komai ba. Fitar da matsakaici, ka ninka shi da 30, ka zo da amsar aji na gaba.